Daga Keffi Zuwa Zariya: Ziyarar Masallacin Babban Gwani

Duk wanda ya tashi daga Keffi bayan sallar Asuba da nufin zuwa Zariya, in Allah ya ba shi sa'ar hanya, zai iya riskar sallar Azahar a cikin birni. Tafiya ce ta kimanin mil 200, watau daga Keffi zuwa Abuja, daga Abuja zuwa Kaduna, sa'an nan a miƙe arewa sai ƙasar Zazzau. A zamanin da kuwa, fatake da manzannin sarakuna sukan shafe kwana da kwanaki a ƙasa ko bisa dawaki kafin su hango Dutsen Kufena, wanda shi ne alamar cewa an iso.

Dangantakar garuruwan nan biyu tsohuwa ce. Abdu Zanga, Bafillacen da ya fito daga ƙasar Katsina, shi ya kafa Keffi a farkon ƙarni na 19, kuma sunan garin daga kalmar kafi ya samo asali, watau shingen itatuwa da akan kewaye gari da shi saboda tsaro. Tun daga lokacin Keffi ta riƙa bin Zazzau, kamar yadda Nasarawa da Jama'a da Doma suka bi, tana aika gaisuwa kowace shekara, wadda a wancan zamani har da bayi a cikinta. Magaji Ɗan Yamusa, wanda ya kashe Kyaftin Moloney a Keffi cikin 1902, ya tafi Kano, daga bisani ya rasu a yaƙin Burmi cikin 1903, shi ne idon Sarkin Zazzau a garin. Irin dukiyar da take fitowa daga waɗannan ƙasashe na kudu tana cikin abin da ya ba sarakunan Zazzau ƙarfin yin manyan ayyuka. Saboda haka mutumin Keffi da ya je ganin Masallacin Juma'a na Zariya yana da haƙƙin ya dube shi a matsayin abin da kakanninsa suke da hannu a ciki.

Matafiyi mai lura zai ga abu guda yana sakewa a hanya. A wajen Keffi, inda Kogin Antau ya ratsa gari kuma damina take da nauyi da tsawo, tsofaffin ɗakuna na jinka ne, domin rufin ƙasa ba ya jure irin wannan ruwa. Sai an wuce Kaduna an doshi Zariya ake fara ganin soraye masu zankwaye da indararo. Zariya tana kusa da iyakar kudu ta ƙasar da rufin ƙasa yake iya zama, shi ya sa maginanta suka ƙware wajen yin tulluwa, watau rufi mai ƙumbo wanda ruwa ba ya kwanciya a kansa. Wannan ya kamata mai karatu ya riƙe, don kuwa labarin masallacin nan, daga farkonsa har ƙarshensa, labari ne na kokawa da ruwa.

Sarkin Da Maginin

Idan baƙo ya ƙetare Kogin Kubanni ya ratsa Tudun Wada, zai shiga birni ta Ƙofar Doka. Sauran ƙofofin su ne irin su Kuyambana da Gayan da Kona da Bai da Kibo da Tukur-Tukur, kuma har yanzu akan ga ragowar ganuwa nan da can, inda zaizayar ruwa da masu ɗibar ƙasa suka rage. Hanya za ta kai shi har ƙofar fada, inda filin masallaci yake fuskantar gidan sarki kamar yadda aka saba a manyan biranen ƙasar Hausa.

Bayan jihadi, Malam Musa ne ya fara sarautar Zazzau a ƙarƙashin tutar Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo. Ya rasu cikin 1821, Yamusa ya gaje shi, sa'an nan Malam Abdulkarim na gidan Katsinawa ya hau cikin 1834 ya yi mulki har 1846. A zamanin Malam Abdulkarim aka gina masallacin. Maginin kuwa shi ne Malam Mika'ilu, wanda wasu ruwayoyi suke kira Muhammadu Durugu, amma duniya ta fi saninsa da laƙabin Babban Gwani. Har wa yau akwai unguwa a birnin Zariya mai wannan suna.

Kamar kowane gwani da ya gagari tsaransa, labarai sun taru a kansa. Tsofaffi sukan ce da dare yake aikinsa, bayan leburori sun tara masa tubali da kwaɓaɓɓiyar ƙasa sun watse, sai gari ya waye a tarar bango ya tashi. Akwai masu cewa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya aiko shi Zariya. Akwai kuma ruwayar da ta bazu cewa wani sarki a Birnin Gwari ya sa aka kashe shi bayan ya gama masa gini, don kada ya je ya yi wa wani wanda ya fi shi. Waɗannan duk zancen baka ne. Abin da ya tabbata shi ne aikin hannunsa, kuma ana jingina masa wasu gine-gine a wajen Zazzau, musamman gidan Madaki da ke Kafin Madaki a ƙasar Bauchi, wanda gwamnati ta sa cikin jerin kayan tarihin ƙasa cikin 1956.

Abin Da Ido Kan Gani

Wanda ya je yau ba zai tarar da masallacin yadda kakanninsa suka san shi ba, saboda dalilan da za su zo a gaba. Amma dubban mutanen da suka yi salla a cikinsa kafin 2023 suna nan da rai, hotuna da zane-zanen ma'aunai kuma suna ajiye, don haka ana iya faɗin yadda yake.

A tsarinsa na asali akwai katanga da ta kewaye haraba, da zaurukan shiga inda ake alwala, da ɗakin shari'a a gefe guda, sa'an nan babban ɗakin salla a tsakiya. Daga waje ba shi da wani ado na a zo a gani. Bangaye ne masu kauri, faffaɗa daga ƙasa suna tsukewa sama, da tagogi 'yan ƙanana can kusa da rufi. Sai mutum ya tuɓe takalmi ya sa kai ciki zai gane abin da ya sa ake maganarsa. Da fari duhu ne zai tare shi, da wani sanyi kamar na bakin rijiya ko da a tsakiyar bazara ne. Idan ido ya saba, sai ya ga manyan ginshiƙai sun taso daga ƙasa, kowanne ya fi ƙarfin mutum biyu su rungume, daga jikinsu kuma bakuna sun tashi sun lanƙwasa sun haɗu a sama suna ɗauke da tulluwa. Tsakanin bakunan ana ganin azara a jere, an shirya ta a karkace kamar saƙar tabarma.

Adon da ke jikin ginshiƙan da ƙasar ginin aka fitar da shi tun tana ɗanya. Layuka ne masu zurfi a tsaye, da da'irori, da siffofi masu kusurwa uku, manya-manya, ba irin ƙananan zanen da ake yi wa fuskar gidaje a zamanin baya-bayan nan ba. Ba hoton mutum, ba na dabba. Ɗan hasken da yake shigowa ta tagogi shi yake fito da su, ta yadda kamannin ɗakin da hantsi dabam yake da kamanninsa da la'asar.

Yadda Ake Ɗaure Baka

Kayan aikin Babban Gwani duk na gida ne. Akwai tubali, wanda ake mulmulawa da hannu daga jar ƙasa da aka kwaɓa da ciyawa aka bari ta ruɓa, a shanya shi a rana ya bushe. Akwai azara, wadda ake tsagawa daga gangar giginya, itacen da gara ba ta cika cinsa ba. Akwai igiya. Don kare gini daga ruwa kuma akwai makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, da laso, wanda ake haɗawa da katsi na marina da gashin majema da dafara.

Matsalar da kowane magini yake fuskanta ita ce azara ba ta da tsawon da za ta ɗauki nauyin rufin ƙasa a faffaɗan ɗaki. Idan tazara ta wuce kamar ƙafa 6, sai ta fara lanƙwasa. Dabarar magina ita ce su dasa azara a cikin bango ko ginshiƙi, kanta ya leƙo waje a karkace, su danne gindinta da ƙasa mai nauyi. Idan wannan hawa ya bushe, sai su ɗora wani jerin azara a kansa, ya ƙara leƙowa gaba, a ɗaure da igiya tamau a yaɓe. Haka za a yi ta yi daga ɓangarorin biyu, hawa bayan hawa, har su gamu a tsakiya. Daga nan sai a lulluɓe duka da ƙasa, a gyara lanƙwasar ta fito sumul. Wannan shi ne bakan gizo. Idan bakuna suka gicciye juna a tsakiyar ɗaki kamar yadda ake ɗaure bakin gugar rijiya, shi ake kira ɗaurin guga.

Masana gine-gine sun lura cewa hikimar nan ta yi kama da ta kankare mai rodi a ciki, inda ƙarfe yake riƙe jan nauyi, siminti kuma yake ɗaukar dannawa. A nan azara ce a madadin rodi, ƙasa a madadin siminti. Sai dai lagonta ɗaya ne, watau ruwa. Muddin laso yana nan lafiya, indararo kuma yana zubar da ruwa nesa da bango, ginin zai yi shekara ɗari yana tsaye. Amma idan rufi ya tsage aka ƙyale, ruwa zai shiga ya jiƙa ƙasar, nauyinta ya ƙaru, igiya ta ruɓe, azara ta yi laushi a ɓoye inda ba mai gani. Shi ya sa a da kowace shekara kafin saukar damina Sarkin Magina da mutanensa sukan hau bisa su duba, su toshe tsaga su sake yaɓe.

Takwaransa A Ƙasar Faransa

Turawan da suka fara nazarin masallacin nan sun taho daga ƙasashen da suke da nasu tsofaffin ɗakunan ibada masu bakuna, kuma kwatanta su yana da amfani. A ƙarni na 11 da na 12, watau shekaru kamar 700 kafin Babban Gwani, an yi wani salon gini a Turai da ake kira Romanesk, don ya ɗauko baka mai siffar rabin da'ira daga ginin Rumawan da. Alamominsa su ne bango mai kauri, da ginshiƙai masu gwaɓi, da ƙananan tagogi, da duhu mai sanyi a ciki. Wanda ya san masallacin Zariya, in ya shiga irin waɗannan wurare, ba zai ji baƙunta sosai ba.

Da yawa daga cikinsu gidajen ruhubanawa ne, watau malaman Kirista masu zuhudu da suka bar aure da dukiya suka taru wuri guda suna ibada da noma da kwafar littattafai da hannu. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi suna yana garin Mowasak, a bakin Kogin Tarn, kudu maso yammacin Faransa. A tsakiyarsa akwai fili murabba'i da baranda ta kewaye, wadda aka gama cikin shekarar 1100, tana da kawunan ginshiƙai 76 na dutse, kowanne da irin sassaƙarsa. Bambancin aikin shi ne su da dutse suke yi. Sukan kafa katako mai siffar baka, su jera sassaƙaƙƙun duwatsu a kansa, sai sun sa na tsakiya sa'an nan su zare katakon, duwatsun su danne juna su tsaya. Maginin Hausa kuwa ba ya bukatar wannan katako, bakansa yana riƙe kansa tun daga hawan farko.

To, amma dutse ma bai tsira daga hannun mutane ba. Babban gidan ruhubanawa na Kuluni, wanda aka kafa cikin 910, wanda kuma majami'arsa ta yi ƙarnuka ba ta da ta biyu wajen girma a Turai, an sayar da shi bayan juyin juya halin Faransa na 1789, 'yan kwangila suka yi ta fasa shi suna sayar da duwatsun, har abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. A Mowasak ma, sa'ad da aka zo shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa a shekarun 1850, an rushe ɗakin cin abincin ruhubanawan, barandar nan kuwa da ƙyar ta sha bayan da masu kishin tarihi suka tashi tsaye. Cikin 1998 hukumar UNESCO ta sa wurin a jerin kayan tarihin duniya, yau baƙi daga ƙasashe dabam-dabam suna zuwa kallo, garin kuma yana cin moriyarsu.

Siminti Da Ranar Baƙin Ciki

A shekarun 1970, da kuɗin man fetur suka shigo, jama'a kuma suka yi yawa har masallacin ya yi musu kaɗan, aka yi masa babban gyara. An kawar da sassan waje na tsohon ginin, aka tayar da sabon masallaci na siminti, aka bar tsohon ɗakin salla a cikinsa kamar ƙwai a cikin ƙwarya. Waɗanda suka yi haka sun cancanci yabo ta fuska guda, don a wasu birane rushe tsohon masallacin aka yi ɗungum. A Kano, alal misali, masallacin Juma'a na ƙasa ya ba da wuri ga na siminti tun farkon shekarun 1950.

Sai dai a daidai wannan zamani ne sana'ar kanta ta fara ja da baya. Mai kuɗi ya koma bulo da kwano, 'ya'yan magina suka koma makaranta ko suka koyi aikin birkila, marina suka ragu har katsi ya yi wuya, giginya kuma ta yi ƙaranci. Tsoffin da suke iya duban bango su gane ciwonsa suka yi ta rasuwa ɗaya bayan ɗaya. Wani abin da ya ƙara dagula al'amari a gidaje da yawa shi ne shafa wa bangon ƙasa siminti, da zaton an kare shi ke nan. Siminti ba ya kama ƙasa da kyau, kuma idan ruwa ya sami kafa ya shiga bayansa ba ya fita, sai ya yi ta cin bangon daga ciki alhali fuskarsa tana nan sumul.

Ranar Juma'a 11 ga watan Agusta, 2023, a tsakiyar damina, ana cikin sallar La'asar, wani sashe na masallacin ya rufto a kan masallata. Waɗanda suka rasu ba su kasa mutum 7 ba, wasu da dama kuma suka ji rauni. Mai Martaba Sarkin Zazzau, Malam Ahmed Nuhu Bamalli, ya bayyana wa manema labarai cewa an ga tsaga a bangon kwana ɗaya kafin nan, ana kuma shirin kawo injiniyoyi su duba sai abin ya auku. Bayan haka masarauta da gwamnatin Jihar Kaduna da masu hannu da shuni suka shiga haramar tara kuɗin sake gini. Ginin da ya yi kusan shekara 190 yana tsaye, ya ga zuwan Turawa da tafiyarsu, a cikin 'yan daƙiƙoƙi ya zama abin makoki ga birni duka.

Abin Da Ya Rage

Mai son ganin siffar masallacin ta asali sai ya nufi Jos. Wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Polan mai suna Zbigniew Dmochowski ya shafe shekaru yana auna tsofaffin gine-ginen Nijeriya yana zana su, kuma da jagorancinsa aka kafa gidan adana gine-ginen gargajiya kusa da gidan tarihi na Jos. A can aka sa maginan Hausa suka tayar da kwafin masallacin Zariya daidai girmansa, da ƙasa da azara, tare da kwafin wani sashe na ganuwar Kano. Ya rasu cikin 1982, aka buga littafinsa mai juzu'i 3 cikin 1990. Amma kwafin nan shi ma ƙasa ce, ruwan Jos kuwa ya fi na Zariya, saboda haka bukatarsa ga magini mai hawa bisa kowace shekara daidai take da ta na asalin.

Akwai wuraren da suka nuna cewa sana'ar tana iya rayuwa in an so. A garin Jenne na ƙasar Mali, a bakin Kogin Bani, babban masallacin ƙasa da aka gina cikin 1907 yana tsaye domin mutanen gari sun mai da yaɓensa bikin shekara-shekara, maza da mata da yara kowa da aikinsa. A Agadas hasumiyar da aka fara ginawa cikin 1515, aka sabunta cikin 1844, mai tsawon mita 27, tana nan. A ƙauyen Yama na jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, wani magini Bahaushe mai suna Falke Barmu ya fara gina masallacin Juma'a da ƙasa cikin 1962, aikin da ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine cikin 1986. A duk wuraren nan abin da ya riƙe ginin shi ne akwai masu sana'ar a raye, ana kiransu, ana biyansu.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A Keffi da Nasarawa da Zariya da Katsina da Kano da sauran garuruwa, akwai tsofaffin masallatan unguwa da zauruka da sorayen fada waɗanda mutane suke shiga kullum, wasunsu ba wanda ya hau rufinsu ya duba shekara da shekaru. A Keffi ganuwa ta tafi, sai sunaye irin su Ƙofar Hausa suka rage suna tuna wa mutane inda take. Ya kamata majalisun sarakuna da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa su ƙidaya irin waɗannan gine-gine, a riƙa duba su kowace bazara kafin ruwa ya sauka, a kuma rufe duk wanda aka ga ya tsage nan take har sai an gyara, ko da kuwa masallaci ne ranar Juma'a. Haka kuma ya kamata sashen koyar da zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello da ke nan Zariya, da Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi, da makarantun koyon sana'a, su nemo tsoffin maginan da suka rage su haɗa su da samari, a ba su aiki na gaske da albashi, tun ba a wayi gari an rasa mai iya ɗaure baka ko guda ba.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a masallacin Zariya, ya jiƙan Malam Abdulkarim da Babban Gwani, ya kuma kiyaye masallatan da suka rage da masu salla a cikinsu, amin.